Yadda Ake Kai Iyali Kallon Hawan Daushe a Dawo Gida Lafiya

Shekarar da na fara kwasar iyalina gaba ɗaya zuwa Ƙofar Kudu ta gidan Sarkin Kano kallon Hawan Daushe, mu bakwai muka fita daga gida. Da 'yan bindiga suka saki harbin farko, sai muka koma mu shida. Yaron da ya ɓace shekararsa biyar a lokacin. Hannunsa na cikin nawa, ƙanwarsa na bisa kafaɗata. Ƙara ta tashi, hayaƙin albarushi ya turnuƙe wurin, mutanen da ke gaba suka yo baya gaba ɗaya, na sake shi don in tallafe yarinyar kada ta faɗo. Waiwayowar da zan yi, babu shi babu dalilinsa.

Ba na yi wa kowa fatan irin wannan yammacin. Uwarsa tana ta kiran sunansa muryarta na rawa, ganguna da algaitu sun danne komai. Sai dab da magariba muka same shi wajen wata dattijuwa mai tuyar awara, ta zaunar da shi a bencinta ta ba shi ruwa. Ta dube ni ta ce, "Alhaji, naka ne? Tun ɗazu nake tambayarsa sunan babansa, yana ce mini Abba. Na ce wace unguwa, ya ce gidanmu." Na rasa bakin yi mata godiya. Allah ya saka mata da alheri duk inda take.

Duk da haka ban daina kai su ba, kuma ba na goyon bayan masu cewa a kulle yara a gida su kalla a talabijin. Ni mahaifina ne ya ɗora ni a wuya na ga marigayi Sarki Ado Bayero, wanda ya yi shekara 51 a kan karaga, daga 1963 zuwa 2014, kuma har yau in na ji kakaki wannan ranar nake tunawa. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Abin da baƙi ke hawo jirgi su zo gani, bai kamata ɗan Kano ya girma bai taɓa shaƙar ƙurarsa ba. Abin da na koya shi ne, tsautsayin ranar hawa yana da lokutansa sanannu: lokacin da bindiga ta tashi, lokacin da dawaki suka sako a guje, lokacin da taro ya watse, sai kuma da daddare in yara sun kunna nokawut. Wanda ya shirya wa waɗannan huɗun ya yi rabin aikin.

Da farko, tabbatar za a yi hawan

Kada ka yi wa yara alkawari sai ka ji sanarwa. A 2020 annobar korona ta hana hawa, a 2024 da 2025 kuma 'yan sanda sun dakatar da shi saboda dambarwar sarauta. Saboda haka tun ana saura kwana biyu ko uku Sallah ka kasa kunne a rediyo, ka ji abin da masarauta ta faɗa da abin da rundunar 'yan sandan jiha ta faɗa. Saƙon da aka tura maka a WhatsApp ba sanarwa ba ce. In jami'an tsaro suka ce babu hawa, to babu. A kai yara gidan zu ko gidan kakanni.

In an tabbatar, sai ka zaɓi wanda za ku je. Ranar Sallah akwai hawan idi, Sarki ya dawo daga filin idi na Ƙofar Mata. Washegari da yamma Hawan Daushe, inda Sarki ke zuwa Babban Ɗaki, wato gidan mahaifiyar Sarki a al'ada, gaisuwa, ya zaga ta cikin unguwanni, a rufe a Ƙofar Kudu. Rana ta uku da safe Hawan Nassarawa, wanda ke kai wa gidan gwamnati. Daga baya a yi na Ɗorayi ko na Fanisau. Mai jarirai ko tsofaffi, Hawan Nassarawa ya fi masa sauƙi, domin da safe ne, hanyar tana da tsawo, titunan suna da faɗi, kowa zai sami gefen da zai tsaya. Amma ƙawa da ado da jahi, wato sukuwar gaisuwa gaban Sarki, Daushe ne uban tafiya, kuma shi ne ya fi cunkoso. A kansa zan tsaya.

Wa zai je, wa zai riƙe wa

Wannan a gida ake yanke shi, ba a bakin titi ba. Ƙa'idata ita ce babba ɗaya, yara biyu, hannun dama da na hagu. In yaran sun fi hannayen manya yawa, a nemi ƙani ko ƙanwa ko yaron maƙwabta mai hankali, ko kuma a raba tafiyar, wasu su je Daushe wasu Nassarawa. Kuma a ambaci suna: wance ke za ki riƙe wane da wance. Kuskuren da muka yi waccan shekarar ke nan, kowa yana ganin ai yaron yana wajen wani.

Jariri ɗan goye, a ganina, bai da abin gani a Ƙofar Kudu sai ƙura da ƙara. Mai juna biyu da cikinta ya tsufa, da dattijon da ƙafa ke ba shi wahala, gara a nema musu gidan ɗan'uwa a kan hanyar da Sarki zai bi su leƙa daga soro. Yaro mai asma, in har za a je da shi, abin shaƙarsa ya kasance a aljihun wanda ke riƙe da shi, ba a jakar da aka bari a mota ba. Mai sikila kuwa zafin rana da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar masa da ciwo, don haka shi ne na farkon samun inuwa, shi ne na farkon shan ruwa.

Shirin daren Sallah

Ka sami takarda mai kauri, irin bayan kwalin sabulu ma ya isa. Rubuta sunan yaro, sunanka cikakke, unguwarku, da lambar waya biyu, taka da ta wani wanda zai zauna a gida. Dalilin lamba ta biyun shi ne taka tana iya ƙin shiga a cikin taro, ko a rabu da wayar gaba ɗaya. Saka takardar a 'yar leda saboda gumi, a maƙala ta da fil ta cikin aljihun riga. 'Yan mata da ba su da aljihu a maƙala musu ta cikin wuyan riga. Wasu kan rubuta lambar da biro a damtsen yaro. Yana taimakawa, amma gumi na goge shi, don haka a haɗa biyun.

Sannan ka zaunar da su ka yi musu tambaya kamar ana hadda. "Yaya sunan Abbanka?" "Wace unguwa kuke?" "In ba ka gan ni ba me za ka yi?" Amsar ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci: ya tsaya inda yake, kada ya bi taro yana nemanka, ya nufi mace mai sayar da abinci ko ɗan sanda ko dogari ya nuna takardarsa. Yaro ɗan shekara huɗu yana iya riƙe wannan in an maimaita masa sau uku. Da safe a sake tambayarsa.

Kayan Sallah ba sai an ce a saka ba, ai ranarsu ce. Amma takalmi a duba. Sabon takalmi mai tsini ko mai santsi yakan ci ƙafar yarinya tun ba a kai Gidan Makama ba, ƙarshenta sai a ɗauke ta a kafaɗa har a dawo. Silifas kuma da an taka shi ta baya ya tsinke. A sa mai rufi ko mai maɗauri wanda ƙafa ta saba da shi. In ɗinkin yaran iri ɗaya ne, ya yi kyau ƙwarai, domin kana iya nuna wa mutum ɗan'uwansa ka ce irin wannan kayan ne a jikinsa. Kafin ku fita daga ƙofar gida ka ɗauki hoton kowane yaro daga kai har ƙafa da kayan da ke jikinsa a ranar. Hoton suna ko na makaranta ba zai taimaki mai nema ba.

Sauran kayan ba su da yawa: ruwa mai isa, ƙyalle ko takunkumi saboda ƙura, auduga kaɗan ta toshe kunne, filasta, dabino ko cincin, da ƙananan kuɗi a hannu. Kada ka dogara da taransifa, in mutane sun taru haka sabis yakan yi nauyi. Sarƙar gwal da manyan awarwaro su kwana a gida. Waya ɗaya ta isa, a aljihun gaba, ba na gefen babbar riga ba. Duk ɗan Kano ya san matsalar ƙwacen waya, ba sai na tsawaita ba.

Batun ruwa kada a raina shi. Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, a 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa cikin bazara, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40, Babbar Sallah kuma a bakin damina. Yaro in kallo ya ɗauke masa hankali ba zai ce yana jin ƙishirwa ba. Kai za ka riƙa miƙa masa. In Babbar Sallah ce a duba sama kafin a fita, a ɗauki lema ko babbar leda.

Fita da ajiye mota

Ku ci abinci sosai a gida, kowa ya zaga bayan gida, ku fita bayan azahar. Hawan bayan la'asar yake kankama, amma wuri mai kyau kafin la'asar ake kama shi. Ni nakan so a ce ƙarfe 3 ta yi mana a can, mu yi sallar la'asar a kusa, maza su je su dawo sannan mata su je, kada a bar wurin babu kowa.

Kada ka yi gigin kutsa mota cikin gari. Ana rufe hanyoyin da ke kewaye da gidan Sarki, lungunan cikin birni kuma ba a yi su don juya mota ba. Ajiye ta nesa, a gidan wanda ka sani ko wurin da ke da mai gadi, ta wajen Ƙofar Nassarawa ko Ƙofar Ɗan Agundi gwargwadon inda ka fito, ku ƙarasa a ƙafa. Ka juya kanta ta fuskanci hanyar gida tun da rana. Wanda ya zo a adaidaita sahu ya karɓi lambar direban, su yi magana a kan inda za su haɗu da kuɗin dawowa, domin bayan magariba abin hawa yakan yi wuya kuma kuɗin yakan tashi.

Kuna isa, kafin kowa ya fara kallo, ka nuna wa manya da yaran da suka yi wayo wuri guda na haɗuwa, abin da ba ya motsi kuma kowa ya san shi, kamar ƙofar Gidan Makama. Kada a ce "wajen mai lemo", masu lemo ɗari ne a wurin kuma suna yawo.

Inda za a tsaya

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin kowa sahun gaba yake so. Sahun gaba na samari ne masu iya tsalle. Mai iyali ya nemi wurin da bayansa ke da bango ko dakali, gefensa kuma akwai lungun da za a iya zamewa. Bangon zai hana a turo ku daga baya, dakalin zai ɗaga yara su hango sama da kawunan mutane, lungun kuma shi ne mafita in wuri ya rikice. Kafin ka zaunar da kowa, taka ka leƙa lungun ka tabbatar yana ɓullewa.

Wurare uku nake gudu. Kwana, inda dawaki ke karya hanya, domin nan doki ke zamewa a kwalta, nan kuma ɗan kallo ba ya ganin abin da ke tahowa. Bakin kwata, domin in aka yo baya yaro ne zai faɗa. Sai kuma kan tsohuwar katangar ƙasa ko rumfar kwano da samari suka ɗare. Ko a ƙarƙashinta kada ka tsaya. In kana da ɗan'uwa ko aboki mai bene a kan hanyar hawa, ka kira shi tun kafin Sallah, ka je da goron Sallah, wannan ya fi kowane wuri. Rumfunan da ake tanada a Ƙofar Kudu na manyan baƙi ne, kada ka ɗora shirinka a kansu.

Ka duba rana kuma. Da yamma tana yamma, saboda haka gefen da bango ya tare ta shi ne zai yi inuwa har a tashi. Wanda ya tsaya yana fuskantarta zai sha kallo da hannu a goshi, hotonsa ma baƙi zai fito.

Game da doki, abu biyu za ka cusa wa yara: ba a bi ta bayansa, ba a taɓa shi. Doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, in ya ji motsi hauri yake kaiwa, kuma tsayin haurinsa daidai kan ƙaramin yaro ne. Ko tsaye yake ana yi masa fifita, a ba shi tazara. Alamar da za ka lura da ita kunnuwansa ne: in ya kwantar da su baya yana tattaka ƙasa, ja yaranka.

Abin da za ka nuna musu

In an zauna lafiya, to kada ka bar kallon ya zama hayaniya kawai. Ka zama mai yi musu bayani. Gidan da suke gani Gidan Rumfa ne, Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 shi ya kafa shi. Hakimai ne ke fara wucewa, kowanne da tawagarsa, da makaɗansa, da irin adon da ya zaɓa wa mahayansa. Ka sa yara su saurari maroƙa, a bakinsu za su ji sarautar mai wucewa. In an ambaci Madaki, ko Makama, ko Sarkin Bai, ko Sarkin Dawaki Mai Tuta, ka gaya musu waɗannan su ne masu zaɓen sarki a al'adar Kano. In sun ga rawani mai kunne biyu, ka ce musu wannan jinin sarauta ne.

Nuna musu 'yan lifida, waɗanda su da dawakansu ke lulluɓe da riga mai kauri cike da auduga, ka faɗa musu a zamanin yaƙi kibiya ake tarewa da ita. Nuna musu 'yan sulke da rigar ƙarfensu, da zagage masu tafiya a ƙasa gaban doki, da dogarai cikin ja da kore. Ka bambanta musu muryar algaita da ta kakaki. Ɗiyata ta biyu har yau tana tuna ranar da na ce ta dubi kumatun mai busa algaita, yadda suke kumbura ba sa saɓewa, yana jan numfashi ta hanci busar ba ta yanke ba. Ta yi mako tana gwadawa da tsinken shan lemo a kofi.

Sarki a ƙarshe yake zuwa. Za ka gane ya kusa tun ba ka gan shi ba: kakaki zai ƙara ƙarfi, dogarai za su fara buɗe hanya, sai ka hango lema tana juyawa sama da kowa. A nan za ka ce su dubi takalmin gashin jimina da tagwayen masu. Ka koya musu ɗaga hannu a dunƙule su yi jinjina su ce "Ran Sarki ya daɗe."

Bindiga da jahi

Daidai wannan lokaci mai daɗin ne kuma na haɗari. 'Yan bindiga suna tare da tawagar Sarki, bindigoginsu na gargajiya ne da ake ɗura wa albarushi, ƙararsu har a ƙirji ake jin ta. Da zarar ka hango su, ko ka ji harbi daga nesa, ka daina ɗaukar hoto, mayar da waya aljihu. Kowane babba ya kama yaransa a wuyan hannu, ba a yatsu ba. Yatsu suna zamewa da gumi. Wanda ke kan kafaɗa a sauko da shi a rungume a ƙirji. A sa auduga, a ce su ƙara toshewa da tafin hannu. Kuma ka faɗa musu tun kafin ta tashi: "Yanzu za a yi harbi, na murna ne, ba mai taɓa ku." Yaron da aka gaya wa dariya yake yi, wanda aka shammata shi ke gudu.

Jahi kuwa shi ne mahaya su jeru su sako dawaki a guje zuwa gaban Sarki, su ja linzami su tsaya cak su yi jinjina. Babu abin da ya kai shi kyau a duk hawan, kuma a lokacinsa ne mutane ke turawa gaba don su gani, dogarai su koro su, su dawo baya da ƙarfi. Kai dai ka lizimci bangonka. In turereniya ta same ku a tsakiya, kada ka yi gaba da ita kuma kada ka tsaya ƙyam. Ɗauki ƙaramin, riƙe hannuwanka a gaban ƙirji, ka riƙa zamewa gefe-gefe har ku fita. Takalmi ko hula in ta faɗi a bar ta. Sunkuyawa a cikin turereniya ita ke kayar da mutum.

In duk da haka yaro ya ɓace, kada kowa ya bazama. Babba ɗaya ya tsaya daidai inda aka rabu da sauran yaran, domin sau da yawa nan yake dawowa. Ɗaya ya nufi wurin haɗuwa. Mai nema ya daina kiran suna kawai, ya riƙa faɗin kama da ƙarfi: "Yaro ɗan shekara biyar, shadda ruwan toka, jar hula!" Nan take idanu hamsin za su taya ka. Nuna hoton ga 'yan sanda da dogarai da masu sayar da abinci, ka kira na gida ka ce ya zauna kusa da waya. In dare ya yi ba a gan shi ba, a kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, a sanar da mai unguwa, a kai cigiya gidan rediyo.

Tashi

Ko dai ku riga taro ko ku bar taro ya riga ku. Mai ƙananan yara ya tashi da zarar Sarki ya wuce, ya haƙura da ƙarshen. Wanda ya tsaya har ƙarshe kuma kada ya bi ayarin farko. Ku zauna a dakalinku, a sha ruwa, a yi sallar magariba a masallacin kusa, sannan a kama hanya. Lokacin watsewa duhu ya fara, dawakan hakimai suna komawa gida ta lunguna a gajiye, 'yan daba kuma a irin wannan lokacin suke samun dama. Ku bi babban titi mai haske ko da ya fi nisa. A ƙirga yara a wurin tashi, a sake ƙirgawa a bakin mota.

Nokawut da wasan wuta

An dawo gida, manya sun miƙe ƙafa, kowa na ganin an gama. Yara kuwa kuɗin barka da Sallah na aljihunsu, mai kanti na bakin layi. A gidanmu nan ne tsautsayi na biyu ya same mu, a wata Sallar daban. Ɗan yayana ya ƙyasta nokawut ya jefa bai tashi ba, ya je ya ɗauka yana dubawa, ya fashe masa a hannu. Kafin in fito daga ɗaki har an shafa masa man goge baki. Na ce wa wadda ta shafa masa, "Hajiya, ku yi haƙuri a wanke, ruwa ake sa wa." Ta ce, "Mu da haka muka taso." Da lallami aka wanke, kuma da muka je asibiti sai da ma'aikaciyar jinya ta sake goge ragowar yaron yana ihu.

Ra'ayina a fili yake: nokawut bai cancanci kuɗinsa ba, kuma 'yan sanda sun sha hana shi a lokutan bukukuwa. In an hana a shekarar, magana ta ƙare. Ko kusa da wurin hawa kada yaro ya je da shi, domin guda ɗaya ya isa ya firgita doki ya yi cikin mutane. Amma na san akwai gidajen da za a kunna ko an so ko ba a so, musamman tsinken nan mai feshin tartsatsi da ake ganin ba shi da illa, alhali zafinsa ya isa ya ƙona fata nan take. In haka ne, gara a yi a gabanka da a yi a bayan gida.

Babba ne zai kunna, a fili, nesa da janareta, jarkar fetur, tukunyar gas, babur da rumfar zana. A ajiye bokitin ruwa a gefe. Ɗaya bayan ɗaya ake kunnawa, a ƙasa, ba a hannu ba, ba a cikin kwalba ko gwangwani ba. Yara su cire kayan Sallah tukuna. Mayafi da leshi da yadin roba suna kama wuta da sauri kuma suna narkewa su manne a fata. Wanda aka kunna bai tashi ba, kada kowa ya matsa kusa. A ba shi lokaci mai tsawo, sannan a kwara masa ruwa a tsoma shi a bokiti. Tsinken da ya gama ci ma bokiti za a jefa shi, don yana nan da zafinsa, ga yara ba takalmi. A tuna da maƙwabta kuma: akwai mai jego, akwai mai hawan jini, in Babbar Sallah ce akwai dabbobi a ɗaure.

In an ƙone, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi, na famfo ko a riƙa zubawa da buta, har minti 20. Ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ba, ba manja ba, ba toka ba. A cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura. Tufafin da ya manne kada a fizge shi. Kada a fasa ƙurjin da ya ɗuri ruwa. A rufe da ƙyalle mai tsabta marar gashi, a ɗaure sako-sako. In riga ce ta kama, kada yaro ya gudu. A kwantar da shi a mirgina, a lulluɓe da bargo ko darduma.

Ƙunar da ta kai faɗin tafin hannun yaron, ko ta taɓa fuska, yatsu, gaɓa ko al'aura, ko ta yi fari ko baƙi, ta asibiti ce a daren, ba sai gobe ba. Ido kuwa in abu ya fashe ya shiga, kada a murza, kada a yi ƙoƙarin ciro komai, a kife ƙaramin kofi mai tsabta a kansa don kada a danne, a tafi. Na cikin gari Asibitin Murtala ne kusa da su, ga Asibitin Yara na Hasiya Bayero, na wajen titin Zariya kuma Asibitin Malam Aminu Kano. Ka san wanda ya fi kusa da gidanka, ka bar mai a mota ko lambar mai adaidaita a waya, makullin kuma ya kwana inda uwargida ta sani.